Neman kalma: me za mu kira yaron da ya kamu amma bai kwanta ba?

Jama'a, musamman malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da masu fassara labarai a gidajen rediyo, ina so mu taru mu tsayar da kalma ɗaya. Likita yana cewa asymptomatic, 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram ma ita suke ji da lafazin Faransanci. Abin da ake nufi shi ne an gwada mutum, an ga ƙwayar cuta a jikinsa, amma shi bai ji komai ba. Babu zazzaɓi, babu tari, babu kasala, yana cin tuwonsa yana buga ƙwallonsa. Har yau abin da muke faɗa shi ne "wanda ke ɗauke da ƙwayar cutar ba tare da ya nuna wata alama ba". Wannan bayani ne, ba suna ba. Mai karanta labarai zai iya jan sa, amma ba ya zama a bakin uwa, kuma shugaban makaranta ba zai maimaita shi sau goma a taron safe ba.

A makaranta aka fi bukatar wannan kalma. Ku tuna shekarar 2020. An rufe makarantun Najeriya a watan Maris saboda annobar korona, 'yan ajin ƙarshe suka koma ranar 4 ga Agusta saboda jarrabawar WAEC da aka fara ranar 17 ga wata, sauran azuzuwa kuma jihohi suka riƙa buɗe musu ɗaya bayan ɗaya daga wajen ƙarshen Satumba. A watan Oktoba kwamishinan lafiya na Legas, Farfesa Akin Abayomi, ya sanar da cewa an samu mutum 181, ɗalibai da ma'aikata, ɗauke da korona a wata makarantar kwana mai zaman kanta da ke yankin Lekki. Yarinya ɗaya ce ta fara rashin lafiya, aka gwada ta, daga nan aka bi sauran. Mafi yawansu ba sa jin komai. Da an tsaya jiran wanda zai kwanta kafin a yi gwaji, da yawancin mutum 181 ɗin nan babu wanda zai san da su.

Duk wanda ya yi aiki a makaranta a lokacin ya san na'urar nan da ake saita wa yaro a goshi a bakin ƙofa. Zafin jiki kawai take aunawa. Yaron da ya kamu amma jikinsa bai yi zafi ba zai wuce ta da akwatinsa da bokitinsa, ya wanke hannu a famfon da aka girka, ya shige ɗakin kwana. A can gadaje ne masu hawa biyu a jere kafaɗa da kafaɗa, tagogi a rufe saboda sauro ko sanyin hunturu, kofi ɗaya a bakin randa. Shi yaron wataƙila ya gama da cutar bai taɓa sanin ta ziyarce shi ba. Wanda abin zai kayar shi ne baba maigadi, ko iya mai dafa abinci, ko malamin lissafin da ke fama da ciwon suga da hawan jini, ko kakar da yaron zai rungume ranar da aka ba da hutu. Saboda su ake gwada masu lafiya, kuma saboda su nake neman kalmar.

Ga yadda zancen yake kasancewa idan babu ita. Malami ya kira uban yaro:

"Alhaji, barka da rana. Sakamakon gwajin ɗanka ya fito, an samu cutar a jikinsa."

"Subhanallahi! Yana kwance ne, Malam?"

"A'a, lafiyarsa lau, yanzu ma ya gama cin abinci."

"To Malam, in lafiyarsa lau, don me kuka kulle min shi?"

Alhaji bai yi laifi ba. A Hausarmu lafiya da cuta ba sa kwana a jiki ɗaya. Da zarar malami ya ce "lafiyarsa lau" ya rushe maganarsa ta farko da bakinsa, kuma ba shi da wata kalma ta uku da zai tsaya a kanta. Irin wannan giɓin ne ya ciyar da zancen "babu korona" gaba. A watan Mayun 2020 mutanen da aka killace a Kwadon ta jihar Gombe sun fito kan titi suna kukan rashin kulawa. Kukan nasu maganarsa daban, amma abin da jama'a da yawa suka ɗauka daga bidiyon shi ne: waɗannan masu tafiya da ƙafarsu, masu ɗaga murya, su ne marasa lafiyar? Babu wani suna a bakin mutane da zai amsa wannan tambaya nan take.

A shekarar 2020 ɗin kuwa mun nuna za mu iya. Takunkumi ya bar bakin dabba ya koma fuskar mutum, kowa ya karɓa. Killacewa ta zauna, kulle ya zauna, ba da tazara ma haka. Duka gajeru ne, kuma da ma suna cikin harshen, jan su kawai aka yi zuwa sabon aiki. Haka nake so mu yi da wannan.

Wadda na fi ji a bakin mutane ita ce "mai ɓoyayyiyar cuta". Ban yarda da ita ba ko kaɗan. Ɓoyewa aikin mai niyya ne, kunne yana jin ta sai ya nemi wanda ya ɓoye, alhali yaron bai san komai ba sai da takarda ta fito. Sannan kar mu manta cuta a Hausa fuska biyu gare ta, akwai ta jiki akwai ta zalunci. Ka ce wa mutum yana da ɓoyayyiyar cuta, rabin masu sauraro macuci za su ji. Mun ga yadda aka riƙa kallon almajiran da jihohi suka mayar garuruwansu a watannin Afrilu da Mayu na 2020, bayan gwaji ya nuna wasu daga cikinsu sun kamu. Yara ƙanana, ana nuna su da yatsa kamar su suka ƙirƙiro annobar. Kalmar da za ta ƙara wa irin wannan wuta itace ba ta da wurin zama a makaranta.

Wani malamin kimiyya ya kawo "mai dakon cuta", kuma na daɗe ina juya ta, don tana da kyau. Ɗan dako kayan wani yake ɗauka, daga nan ya kai can, kayan ba nasa ba ne. Kowa ya san motar dakon mai. Ta kama ɓangaren yaɗawa sarai. Amma ɗan dako ya san yana ɗauke da kaya, wuyansa yana gaya masa, shi kuwa namu bai sani ba. Kuma wanda ke tari yana atishawa shi ma dakon yake yi, ke nan kalmar ba ta raba mana su biyun ba, wanda rabawar ce muke nema. Abin da ya fi damuna shi ne ɗakin kwanan yara. Duk wanda ya zauna a makarantar kwana ya san yadda laƙabi yake mannewa. Yau a ce yaro mai dakon cuta ne, gobe sunansa Ɗan Dako har ya gama aji shida, ƙannensa ma su gada. A bar dako ga sauro mai kai maleriya da ɓera mai kai zazzaɓin Lassa, a can ta dace, kuma muna bukatar ta a can.

"Kamun mummuƙe" ma an ambata, daga kisan mummuƙe da ake danganta wa hawan jini. Ma'anar ta yi kusa, nauyin ne ya yi yawa. Uwa ta ji mummuƙe a waya, a daren za ta nemi mota. "Kwantaccen ciwo" kuwa yana da mai shi, ciwon da ya daɗe a jiki yana tashi yana lafawa, ga shi kuma ciwo abu ne da ake ji.

Abin da nake ba da shawara shi ne kamuwar shiru. Mutumin kuma mai kamuwar shiru, jam'i masu kamuwar shiru.

Dalilina na farko yana cikin "kamu" kanta. Da ma ita muke amfani da ita, babu wanda za a koya wa. Kuma siffarta ta wanda abu ya faɗa wa ce, kamar yadda ake cewa ya bugu, ya taɓu, ya jiƙu. Wanda ya kamu ba shi ya kama ba, kama shi aka yi. Laifin ya sauka daga kan yaro tun daga ginin kalmar. Shirun kuma na kamuwar ne, ba na yaron ba. Ita ce ta shigo ba ta yi sallama ba, ta zauna ba ta yi motsi ba.

Ku gwada ta a baki, don a nan ake gane kalma. "Hajiya, 'yarki ta kamu, amma kamuwar shiru ce. Ba ta jin komai, za mu ware ta ne don kar ta shafa wa wasu." "An gwada 'yan aji uku, waɗanda aka samu duk masu kamuwar shiru ne." "Malamai ma su zo a gwada su, kamuwar shiru ba ta san babba ba." Ba a yi tuntuɓe ba a ko ɗaya. Kishiyarta ma ta zo da kanta: kamuwar fili, ta wanda alamu suka bayyana gare shi. Wannan yana da amfani, domin wasu da aka samu shiru ranar gwaji, bayan kwana biyu ko uku zazzaɓi yake rufe su. Korona takan ɗauki kwana 2 zuwa 14 kafin ta nuna kanta, galibi wajen kwana 5 ko 6, kuma mutum yana iya yaɗa ta tun kafin nan. Likitoci suna da suna daban ga wannan rukuni, amma ranar da aka ɗauki samfur babu wanda ya san wane ne zai zauna shiru har ƙarshe. Mu abin da ya ishe mu shi ne mu ce: tasa ta fara da shiru, yanzu ta fito fili.

Na san za a ce shiru yana iya sa mutane su ɗauka abin ba shi da haɗari. Na duba wannan, ban ga ya isa ya kayar da kalmar ba. Bahaushe bai taɓa ɗaukar shiru a matsayin babu ba, shi ne ma ya ce shiru ma magana ce. Kuma "kamuwa" tana nan a gaba tana riƙe da gargaɗin.

Kalmar tana kuma sauƙaƙa bayanin gwajin kansa, wanda nan ma ana shan wahala. Yaro yana zaune a kan benci, ma'aikacin lafiya ya ɗaga masa haɓa, ya zura tsinke mai auduga can cikin hanci ya juya, ido ya kawo ruwa, yaron ya tashi yana murza hanci yana tambayar me ya yi. Amsar a taƙaice: kamuwar shiru ake nema, ita ido ba ya ganin ta. Gwajin PCR sai an kai samfur ɗakin gwaje-gwaje, yana gano ƙwayar ko da kaɗan ce, amma ana jiran sakamako. Na gaggawa yana fitowa cikin minti 15 zuwa 30, sai dai yakan tsallake wanda ƙwayar ba ta yi yawa a hancinsa ba. Shi ya sa da Ingila ta mayar da ɗalibai aji a watan Maris na 2021, aka nemi 'yan sakandare da malamansu su riƙa yin na gaggawar sau biyu a mako maimakon sau ɗaya a bakin ƙofa. Tun da zancen ya zo, ina roƙon masu kai sakamako su tsaya kan "an samu" da "ba a samu ba". Waɗannan ba sa rikita kowa.

Kar a ce korona ta wuce, kalmar ta rasa aiki. Mun daɗe muna bukatar ta. Shan inna ita ce babbar shaida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 200 da suka kamu, kusan 1 ne ke shanyewa har abada, mafi yawan sauran ba sa nuna komai amma ƙwayar tana fita ta bayan gidansu. Shekara da shekaru masu ɗiga rigakafi suna shan tambayar "yarana lafiyarsu ƙalau, me ya kawo ku?" ba su da gajeriyar amsa. Zazzaɓin Lassa ma wajen kashi 80 cikin 100 na masu kamuwa ba sa nuna alama. Sanƙarau da mashaƙo, duk da ƙwayoyinsu wani jinsi ne daban da na korona, suna iya zama a maƙogwaron mai lafiya ya kai wa na gadon kusa da shi, kuma su biyun sun sha shiga makarantun kwana. Ciwon hanta nau'in B yakan yi shekaru a jiki mai shi bai sani ba, sai ranar da ya je ba da jini.

Abu ɗaya ne ban rufe ba. A wasu wuraren "kurum" ta fi "shiru" gudu a baki, ana cewa yi kurum inda Bakano zai ce yi shiru. Mutanen Sakkwato da Katsina da Tawa da Maraɗi, da na zangon Kumasi, ku faɗa mana: kamuwar shiru ta zauna a kunnenku, ko kamuwar kurum za ku ce? Malaman makarantun kwana da masu aikin rigakafi, ku furta wa iyaye biyu ko uku ita ba tare da kun yi bayani ba, ku tambaye su me suka fahimta, ku kawo mana amsarsu yadda suka faɗe ta.