Zoben Gigis: shin mutum zai riƙe gaskiya in ya tabbata ba mai ganinsa?

Ɗalibin Falsafa ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. A kashi na biyu na littafin Jamhuriya na Aflatun, masanin falsafa na tsohuwar Girka, akwai wani labari da Gilokon, yayan Aflatun ɗin, ya kawo wa Sukurat, malamin Aflatun, don ya ƙure shi. Ya ce wani makiyayi da ke yi wa sarkin Lidiya kiwo, wanda aka saba kira Gigis, ya ga ƙasa ta tsage bayan ruwan sama da girgizar ƙasa, ya shiga ramin, ya tarar da dokin tagulla mai ƙofofi, a cikinsa kuma akwai gawar wani ƙato da zoben zinariya a yatsarsa. Ya zare zoben ya fito. Daga baya, a taron makiyaya, ya lura cewa in ya juya kan zoben zuwa cikin tafin hannunsa sai ya ɓace wa idon mutane, su ci gaba da zancensa kamar ba ya wurin, in ya mayar da shi waje kuma sai ya bayyana. Da ya tabbatar da haka sai ya nemi a sa shi cikin manzannin da ake aikawa fada, ya yaudari matar sarki, suka haɗa baki suka kashe sarkin, ya haye gadon mulki.

Hujjar Gilokon ita ce, da za a sami irin wannan zobe guda biyu, a ba mutumin kirki ɗaya, a ba azzalumi ɗaya, to da ba za a iya bambance aikinsu ba, domin a ganinsa tsoron hukunci da gudun abin kunya ne kaɗai suke riƙe mutane. Mu ma muna da labaran layar zana, kuma ban taɓa jin an ce wani ya neme ta don ya kai wa marayu abinci a ɓoye ba. Shin Gilokon ya faɗi gaskiyar halin ɗan Adam?

Mai Bin Tarihi ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, Gigis ɗin da ake danganta wa zoben mutum ne da ya rayu da gaske. Ya mulki Lidiya, a yammacin ƙasar Turkiyya ta yau, a ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma rubuce-rubucen Ashurbanifal sarkin Assuriya sun ambace shi da sunan Gugu. Hirodotus, masanin tarihi na Girka wanda ya riga Aflatun rubutu, ya ba da labarin hawansa mulki ba tare da wani zobe ba. A wajensa Gigis dogari ne na amana ga sarki Kandaulis, wanda alfahari da kyan matarsa ya kai shi ga tilasta wa dogarin ya laɓe a bayan ƙofa ya gan ta a tuɓe. Sarauniyar ta hango shi yana ficewa, ta yi shiru har gari ya waye, sannan ta kira shi ta ba shi zaɓi biyu, ko dai ya kashe sarkin ya aure ta ya gaji sarauta, ko kuma shi a kashe shi nan take. Ya zaɓi ransa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, Gigis na Hirodotus ya faɗa cikin kisan kai ne saboda an gan shi, na Aflatun kuwa saboda ba a ganinsa. A labarin farko mutum ne mai rauni da ya bi umarnin banza, a na biyu kuma mai kwaɗayi ne da aka cire wa takunkumi, kuma ni na fi ganin irin na farkon a cikin tarihi. Hirodotus ya ƙara da cewa bokanyar Dalfi, wani wurin bauta a Girka, ta ce alhakin zai faɗa kan na biyar a zuriyarsa, wato Kurosus, wanda Sairus sarkin Farisa ya ci da yaƙi wajen shekara ta 546 kafin haihuwar Annabi Isa.

Malamar Adabi ta amsa:

Malam, tarihin Musulunci ma yana da labarin da ya dace da tambayarka. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi yana zagayen dare a Madina sai ya ji wata mata tana umartar 'yarta ta gauraya madara da ruwa, tana cewa Umar ba ya ganinsu. Yarinyar ta ƙi, ta ce in Umar ba ya gani, Ubangijin Umar yana gani. Umar ya aurar da ita ga ɗansa Asim, kuma daga zuriyarsu aka sami Umar ɗan Abdul'aziz. Duhun dare ya ba yarinyar nan abin da zobe ya ba makiyayi, amma ba ta yi amfani da shi ba. Wannan shi ne ihsani da ya zo a hadisin Jibrilu, ka bauta wa Allah kamar kana ganinsa, in ba ka ganinsa to shi yana ganinka. Ga mai imani babu zoben da ke ɓoye mutum.

Baƙon Damagaram ya amsa:

Malama, na yarda da abin da kika faɗa ta fuskar aƙida, sai dai Gilokon zai ce ba ki rushe hujjarsa ba, kin ma ƙarfafa ta, tun da yarinyar ta san ana ganinta. Ɗan'uwansa Adimantus ya tashi a wurin ya toshe wannan ƙofa, ya nemi Sukurat ya ajiye zancen lada da azaba gefe, ya nuna amfanin adalci a karan kansa. Gilokon ma ya tsananta gwajin: a ɗauki mai adalci da duniya ke ɗauka azzalumi ne, a yi masa bulala, a ɗaure shi, a azabtar da shi har ya mutu, a gwada shi da azzalumin da ake yi wa kallon mutumin kirki, sannan a faɗi wanda ya ji daɗin rayuwa.

Amsar Sukurat ta cinye sauran littafin. Ya kasa ran mutum kashi uku, hankali da zuciya mai fushi da sha'awa, ya ce adalci shi ne kowane kashi ya tsaya a matsayinsa, hankali yana jan ragama. Wanda ya sakar wa sha'awa linzami ya zama bawanta, don haka mai zoben da ya samu duk abin da yake so bai samu 'yanci ba, ya dai sauya ubangida ne, kuma sabon ubangidan ba ya ƙoshi. A kashi na goma ya dawo ya ce rai ya kamata ya yi adalci ko da yana da zoben Gigis. Malaman Musulunci sun san wannan littafi sarai, har Ibn Rushd ya yi masa sharhi a Andalus a ƙarni na 12. A ganina ihsani na gaskiya ya fi kusa da amsar Sukurat fiye da yadda Gilokon zai zata, domin mai ihsani kunyar Ubangijinsa yake ji da ƙaunarsa, ba lissafin bulala kawai yake yi ba.

Mai Bin Tarihi ya ƙara da cewa:

Akwai wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2019, inda aka miƙa jakunkunan kuɗi sama da 17,000 a matsayin tsintuwa ga ma'aikatan bankuna da otal-otal da ofisoshi a birane 355 na ƙasashe 40. A ƙasashe 38 daga cikinsu, mutane sun fi neman mai jakar in akwai kuɗi a ciki fiye da in babu. Masu binciken sun danganta hakan da tausayin mai jakar da kuma ƙin mutum ya ɗauki kansa ɓarawo.

Ɗalibin Falsafa ya mayar da martani:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Binciken ya raunana Gilokon, amma bai kayar da shi ba, domin 'yan kuɗin da ke cikin jaka ba gadon sarautar Lidiya ba ne, kuma ma'aikacin da aka miƙa wa jaka hannu da hannu ya san aƙalla mutum ɗaya ya ga fuskarsa. Malam na Damagaram, ina da sauran tambaya gare ka: in azzalumin da kansa ya ce yana jin daɗin rayuwarsa kuma barcinsa yake yi lafiya lau, da wace hujja Sukurat zai ce masa bawa ne?