Kashin shanu na toshe mini bututu, ina mafita?

Mai shanu, Zariya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shanun madara takwas gare ni, ƙasan rumfarsu siminti ne. Na haƙa rami taku ashirin daga rumfar, na ja bututu mai inci 4, amma duk kwana biyu sai ya toshe. Yarona ya gaji da turin baro, ni kuma na gaji da zungura da gora.

Tsohon birkila: Wa alaikumus salam Malam. Inci 4 ya yi kaɗan. Fasa shi ka yi buɗaɗɗiyar kwata mai gangara, wadda shebur zai shiga. Guntun harawa da yashi ne ke riƙe maka kashin, ka tare su da raga a bakin kwatar. Ka kora da ruwa tun da safe kafin ya bushe.

Manomiya, Funtuwa: Ni damina ce ta koya mini hankali. Ruwan kwano ya cika ramin, ya malala wajen rijiya. Ka kautar da indararo.

Ma'aikacin gona: Alhaji, ranar kwashewa kada kowa ya shiga ramin ko ya leƙa. Iskar da ke tashi in an motsa shi tana kisa. Fitar da shanun tukuna.