Wa ke tuna dokokin ɗakinsu na makaranta?

Tsohon ɗalibin Aliero: Jiya ina gyaran kaya na ci karo da cokalina na Jami'ar Kimiyya da Fasaha, har yanzu da jan zaren da na ɗaura masa don kada a yi gaba da shi. Mu shida ne a ɗaki. Duk farkon zango sai mu naɗa Sarkin Tukunya, a yi masa rawani da zanin gado, a buga masa bokiti a madadin tambari. Shi ke rabon garau-garau, ƙanzo kuma nasa ne, ba gardama. Albasa kam Aliero ce, har a jiƙon kwaki mun yanka ta. Ku fa?

Wata daga Gusau: Yaya, ai ku da sauƙi. Mu a Kwalejin Ilimi ta mata, wadda duk aka kawo wa kayan gida daga ƙauye sai ta biya "kuɗin fito": ƙuli-ƙuli goma da yajin daddawa cokali biyu, kafin ta kai jaka ƙarƙashin gado. Ɗaya daga cikinmu takan ɓoye kilishi cikin hijabin salla. Ƙamshi ke tona ta, kullum.

Ɗan Ƙauran Namoda: Wanga zance ya taɓa ni. Mu a Poli dokar hunturu gare mu: wanda ya fara wanka da ruwan sanyi da asuba ba ya wanke-wanke ranar. Akwai wanda ke shiga ya watsa wa bango ruwa yana ihu, ya fito da jiƙaƙƙen kai. Sai da muka lura bayansa a bushe yake.

Wani daga Argungu: Hhhh, wallahi mun yi irinsa! Namu na dare ne. In an ɗauke wuta ana gobe jarrabawa, sai a kashe risho a kafa kotu, a gurfanar da mai minshari. Hukuncinsa sayen kananzir. Da aka yi yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 muka koma gida, ni da na fi kowa ƙorafi sai barci ya gagare ni saboda shiru.

Tsohon ɗalibin Aliero: Malam, mai minsharin namu yanzu 'ya'yansa uku. Ranar bikinsa mun je da zanin gadon nan, amarya tana ta tambayar na mene ne.