Abokina na son zare hannunsa daga gidan hayarmu

Jama'a, ku taimaka da shawara. Shekara 3 ke nan da ni da abokina muka sayi gidan haya, rabi da rabi. Wautarmu ɗaya, ba mu rubuta yadda za a rabu ba.

Yanzu yana son kasonsa. Masu ƙiyasi biyu sun zo, farashinsu ya yi hannun riga: ɗaya ya bi kuɗin hayar da ke shigowa, ɗayan ya kwatanta da gidajen da aka sayar kusa. Ga rufin da na sauya daga aljihuna lokacin da ruwa ke ɗiga kan gadon ɗan haya. Rasit na hannuna, shi kuwa wai ban shawarce shi ba.

Wane ƙiyasi za mu bi? Kuɗin rufin fa, a cire kafin rabo?