Hoto nawa zan wanke in tafi da su baje koli?

Ɗan Fagge:
Salam 'yan uwa. Na kama rumfa a wani baje kolin zane-zane da kayan hannu a Abuja, kwana 3 za a yi, kuma ban taɓa zuwa ba. Yawanci hotunan hawan sallah ne, Hawan Daushe da na Nasarawa, sai na marinar Ƙofar Mata da 'yan kaɗan da na ɗauka a kan Dala da yamma. Ina da wajen 40 da nake ganin sun yi, shi ne na rasa ta cewa, in wanke kowanne biyar-biyar ne ko yaya? Kuɗin firam kaɗai ya isa ya kwantar da mutum wallahi, kuma bana son in dawo Kano da kaya niƙi-niƙi.

Baba Mai Kyamara:
Wa alaikumus salam ƙanena. 40 sau biyar 200 kenan fa, wa zai saye su a kwana 3? Kuskuren da na yi kenan zuwana na farko, har yau akwai ragowar a saman sif, ƙura ta gama da su. Ka tace su su dawo 15, wanda kai kake so daban, wanda mutane ke so daban, ka duba Instagram ɗinka ka ga waɗanda aka fi tambaya a kai, su za ka yi da ɗan yawa kamar shida-shida a girman A4, wato girman takardar fotokwafi, sauran bibbiyu sun isa. Manya masu firam kar su wuce 5 ko 6, aikinsu jawo ido ne daga nesa, in mutum ya tsaya sai ya ƙare da sayen ƙaramin da aljihunsa zai ɗauka.

Maman Hanan:
Ni dai ban yarda da bibbiyun nan ba Baba. Jakunkunan fata nake kaiwa, amma maƙwabcin rumfata bara mai hoto ne, na ɗan sulke a kan doki ya ƙare masa tun ranar farko da la'asar, ya yini washegari yana cewa mutane zai aiko musu, kuma ka san wanda ya bar rumfa ya tafi kenan, ko ya karɓi lamba ba kira zai yi ba.

Baba Mai Kyamara:
Gaskiyarki Hajiya, amma Abuja ce ba ƙauye ba. Ya tafi da fayil ɗin a filash, ya nemi inda ake wankewa tun kafin a buɗe, wanda ya ƙare sai a ƙaro da safe. Sai dai ya gwada guda ɗaya tukuna, don shuɗin baba na Ƙofar Mata wani injin shunayya yake mayar da shi.

Abu Zariya:
Maganar gilashi babu wanda ya yi. Hanyar Kano zuwa Abuja ba ta wasa da firam, ka sa kwali tsakani ka jera su a tsaye, kar ka kwantar. Baƙi 'yan ofishin jakadanci kuma jirgi za su hau, mara firam suke so, a leda da kwali a baya. Ka riƙe POS, network ɗin transfa sai a hankali in an cika.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai. Na tace sun dawo 18, na Dala ne na kasa cirewa. Baba, masu girman A3 fa, wato ninkin A4, nawa zan yi?