Golf 3 ɗina tana hayaƙi tana misin, a taimaka min da shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman kanikawa. Ina da Golf 3 ƙirar 1996, inji 1.8, da ita nake ciyar da iyalina. Wata biyu ke nan ta hana ni sakat.

Da asuba in na tayar da ita, sai salansa ta yi ta fitar da hayaƙi shuɗi-shuɗi mai warin ƙonannen baƙin mai. In inji ya ɗumama sai ya ragu, amma in na gangaro tudu na sake taka totur, sai ya dawo. Tana tsaye kuwa inji rawa yake yi, har sitiyari na karkarwa a hannuna.

Na sauya fulogi huɗu da wayoyinsu. Bayan sati biyu na kwance na uku, na same shi baƙi ƙirin, jiƙe da baƙin mai, sauran ukun a bushe. Ruwan lagireto ba ya raguwa, ba ta zafi, baƙin mai ne ke tafiya, kusan lita ɗaya duk kwana goma.

Wani makaniki ya ce ringin fistin ne, a sauke inji. Wani ya ce robar bawul ce kawai. Kuɗin sauke inji ba ƙarami ba ne a wurina. Don Allah, wane gwaji zai raba min gardamar nan kafin a kwance komai?