Gidan rediyo ya maido mini da talla, an ce sai MP3

Mai shagon taki, Gujungu:

Assalamu alaikum. Ina sayar da takin zamani, irin shuka da maganin feshi a kasuwar Gujungu, kuma bana na ƙudurta sa talla a rediyo kafin ruwan shuka ya sauka. Ni da ƙanena muka naɗi muryar da waya cikin dare, bayan maƙwabta sun kashe janareta, sannan ya ɗora mata kiɗan kalangu da wata manhaja ta cikin wayar. Da na tura wa jami'in tallace-tallace na gidan rediyon, sai ya ce ba su karɓar komai sai MP3 mai 192 kbps da 44.1 kHz, tsawonsa daƙiƙa 60. Ƙanena ya goge m4a daga ƙarshen sunan fayil ɗin ya rubuta mp3, amma duk da haka aka sake maido mana da shi. Ina roƙon masana su bayyana mini ma'anar waɗannan lambobi da yadda zan gyara, domin na riga na biya kuɗin mako biyu.

Mai gyaran kwamfuta, Haɗeja:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da ƙanenka ya yi tamkar rubuta shinkafa ne a jikin buhun gero, domin sunan kawai ya sauya, abin da ke ciki yana nan yadda yake. Lambar 44.1 kHz tana nufin ana ɗaukar samfurin sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa, ita kuwa 192 kbps tana nuna yawan bayanan da aka bar wa kowace daƙiƙa bayan an matse sautin. Da wannan ma'auni, tallar minti ɗaya ba za ta kai megabait ɗaya da rabi ba, alhali idan WAV ce, wato nau'in fayil ɗin sauti da ba a matse ba, mai ɗauke da sautin hagu da na dama, za ta haura megabait 10.

Ku sauke manhajar gyaran sauti ta Audacity a kwamfuta, kyauta ce. Idan manhajar wayar tana iya fitar da WAV, to ku koma ga ainihin aikin ku fitar da shi a haka, saboda m4a ma matsattsen sauti ne, kuma duk matsin da aka ƙara a kan wani matsin yana rage tsabtar murya, musamman a haruffa irin su s da ts. Idan kuma m4a ɗin kaɗai ya rage, Audacity ba za ta buɗe shi ba sai an haɗa mata wata ƙarin manhaja mai suna FFmpeg. Wajen fitarwa ku zaɓi MP3, ku sa 44100, sannan ku zaɓi tsayayyen ma'auni da ake kira CBR a kan 192, domin mai hawa da sauka, wato VBR, yakan sa wasu na'urori su nuna tsawon da ba daidai ba.

Tsohon ma'aikacin situdiyo, Ringim:

Bayanin malam ya wadatar a kan lambobi, amma ina so Alhaji ya kula da ƙarfin sautin. Masu haɗa talla a waya sukan ɗaga ƙara har ma'aunin ya yi ja, suna zaton haka za ta fi ratsa kunne, alhali gidan rediyo yana da na'urar da ke daidaita ƙara kafin watsawa, kuma muryar da ta riga ta fashe ba ta gyaruwa. A bar ƙololuwar sautin wajen desibel 3 ƙasa da sifili a ma'aunin ƙara, inda sifili shi ne iyakar sama. A kuma rage kalangun sosai a ƙarƙashin magana, don wanda ake nufi da tallar yana sauraro ne a gona ko a gindin bishiya, da ƙaramar rediyo mai lasifika ɗaya. Kafin a tura, a saurare ta a lasifikar waya mai madannai: in an ji sunan shago da farashin buhu sarai, to ta yi.

Game da tsawo, a tsaya a daƙiƙa 59 da rabi, saboda MP3 yakan ƙara ɗan guntun shiru a farko da ƙarshe. Wajen turawa ta WhatsApp kuma, a haɗa fayil ɗin a matsayin takarda, kada a kunna shi a sake naɗa shi a matsayin saƙon murya, domin wannan yana komawa wani nau'in matsattsen sauti ne da ake kira Opus, ba MP3 ba.

Mai shagon taki, Gujungu:

Allah ya saka muku da alheri. Mun samu WAV daga manhajar, mun rage kiɗan, mun kuma yanke wata jimla a kan maganin ciyawa don lokacin ya isa. Jami'in ya karɓa, kuma ya ce za a fara sawa ranar Laraba bayan labaran safe.